Kaboyin Moustapha Alassane: fim ɗin da yara suka riƙe rabinsa

Duk wanda ke neman wani tsohon fim da ya gani yana yaro, da wuya ya zo da sunansa. Abin da yake zowa da shi guntun hoto ne: wani doki da ya ƙetare fage a guje, wata malafa mai faɗin baki, wata budurwa da bindiga a ƙugu. Daga cikin irin waɗannan tambayoyi da ake ji a bakin mutanen Nijar da suka haura shekara 40, akwai wadda ke yawan dawowa, ita ce ta "fim ɗin kaboyin nan baƙaƙe". Wasu sun ce a telebijin suka gan shi, wasu a allon gidan raya al'adu, wasu kuma guntayensa kawai suka tsinta cikin wani fim daban. Sunansa Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Moustapha Alassane ne ya shirya shi a 1966, tsawonsa minti 34, kuma ana lissafa shi a matsayin fim ɗin kaboyi na farko da ɗan Afirka ya yi. Abin da ya sa ya cancanci a sake duba shi a nan shi ne, wanda ya same shi bayan doguwar wahala yakan tarar da fim ɗin ya saɓa da wanda ya ajiye a ransa, kuma wannan saɓanin shi ne ainihin batun da fim ɗin ke magana a kai.

Kafin a shiga cikinsa, ya kamata a tuna yadda ake kallo a wancan zamani, domin yanayin kallon shi ne ya yanke abin da aka riƙe da abin da aka yar. Telebijin ta shigo Nijar ta ƙofar lakwal a 1964, da shirin koyar da yara ta akwati a wasu azuzuwa na kewayen Yamai. Tashar ƙasa, Télé Sahel, ta fara aiki a 1979, zamanin Seyni Kountché, kuma a shekarun farko ba kowane dare take watsa shiri ba. Gwamnati ta kakkafa akwatuna a wuraren taruwar jama'a, wasu masu aiki da hasken rana, don mutanen da ba su da halin saye. A garuruwan kudu da ke dab da iyaka, kamar Maraɗi da Birnin Ƙonni, dogon ƙarfen da aka ɗaure bisa soro kan janyo tashoshin Najeriya, har a ga Samanja a wani dare, a ga wasan ƙungiyar Yazi Dogo a wani. Gidan da ke da akwati ba na mai shi kaɗai ba ne bayan isha'i. Ana fito da shi tsakar gida, a ɗora bisa tebur, manya su hau kujera, mata su shimfiɗa tabarma gefe, yaran unguwa su cika gaba har sai an kore su baya don kada idanunsu su lalace.

A irin wannan zama babu mai karanta sunayen da ke wucewa a farkon fim. Lokacin ne ake gyaran wuri, ana hana ƙanana kuka, ana juya ƙarfe don hoton ya daina rawa. Fim kan samu sunansa daga bakin yara washegari, ko dai sunan jarumin, ko wani abu da ya yi. Idan da Faransanci ake magana, ɗan lakwal ɗin gidan shi ne tafinta, kuma yakan fassara abin da ya gane, ya cike sauran da abin da ya ga ya dace. Ga kuma muryar maigida ko ta kaka, da ba ta rabuwa da fim ɗin: wannan yaro ba shi da kunya, wannan matar za ta ga abin da ta shuka. Saboda haka abin da ɗan kallo ya ɗauka zuwa girma haɗin gambiza ne na fim, da fassarar yayansa, da sharhin kakarsa. Shi ya sa mutum biyu da suka kalli abu ɗaya a dare ɗaya kan yi gardama bayan shekara 30 a kan yadda ya ƙare.

Labarin Le Retour d'un aventurier gajere ne. Wani saurayi, Jimi, ya dawo garinsu daga Amurka da akwati cike da tufafin kaboyi: malafu, takalma, ɗamara da bindigogi. Ya raba wa abokansa, kowa ya ajiye sunan da aka raɗa masa ranar suna ya ɗauki sabo. Aka samu Black Cooper, da James Kelly, da Casse-Tout, da Billy Walter, da mace ɗaya tilo, Reine Christine. Djingarey Maïga, wanda daga baya ya zama mai shirya fim na kansa, shi ne Black Cooper, Zalika Souley kuma ita ce Reine Christine. Daga nan suka shiga yin abin da suka ga kaboyi na yi a silima: shaye-shaye, caca, dambe, sata, da tsorata mutanen gari. Wasan da aka fara da dariya ya rikiɗe, manyan gari suka rasa yadda za su yi da ƴaƴansu, ƙungiyar ta tsage, bindigar da aka ɗauka don ado ta koma kan masu ita.

Wanda ya gan shi yana ɗan shekara 8 ko 10 dawakin ya riƙe. Ya riƙe malafar, da yadda ake zaro bindiga, kuma da safe shi da abokansa sun yanka karan dawa sun yi nasu. Idan ya sake ganinsa yana magidanci, abu na farko da zai ba shi mamaki shi ne launi, domin fim ɗin mai launi ne, alhali akwatin gidaje da yawa baƙi da fari yake nunawa. Na biyu shi ne gajartarsa, don a tunanin yaro ya kai rabin dare. Na uku kuwa, wanda ya fi nauyi, shi ne gane cewa fim ɗin shi yake yi wa ba'a. Alassane ya ɗauki hoton samarin da silima ta cinye musu kai, yaron da ke zaune bisa tabarma kuma ya kalle su ya yi sha'awar zama kamarsu. An nuna masa madubi, ya ɗauka taga ce.

Sai dai zalunci ne a ce yaron bai fahimci komai ba, kuma nan ne masu sharhi da yawa ke yin gaggawa. An saba gabatar da fim ɗin a matsayin gargaɗi kan cutar al'adun waje, kamar wata huɗuba mai hoto. Wanda ya kalle shi da idon basira zai ga kyamarar ba ta ƙin waɗannan samari. Tana bin dawakinsu da jin daɗi, tana ba su fili su yi sukuwa, tana tsayawa kan fuskar Zalika Souley ƙarƙashin malafa kamar yadda kyamarar Amurka ke tsayawa kan taurarinta. Mutumin da ya tsani fim ɗin kaboyi ba zai iya kwaikwayonsa da irin wannan ƙwarewa ba. Alassane ɗan kallo ne kafin ya zama mai shiryawa. An haife shi a 1942, tun yana yaro yana haɗa wasan inuwa da fitila yana tara tsaransa, ya yi kanikanci, sannan ya koyi aikin fim kusa da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren na zane mai motsi. A shekarar da ya yi kaboyinsa ya fitar da Bon voyage Sim, inda kwaɗo ne shugaban ƙasa. Mutum ne mai ba'a, kuma ba'arsa irin ta abokan wasa ce, wadda ake yi wa wanda ake so. Fim ɗin da Serge Moati ya ɗauka a gefen aikin, Les cow-boys sont noirs, ya nuna ƴan wasan a rayuwarsu ta yau da kullum a Yamai, kuma a nan an ga cewa tsakaninsu da mutanen da suka fito a matsayinsu tazarar ba ta da yawa.

Al'adar ɗaukar sunan tauraro ma ba Alassane ne ya ƙago ta ba. A Moi, un noir, wanda Rouch ya fitar a 1958, samarin Nijar ƴan ci-rani a unguwar Treichville ta Abijan suna kiran kansu Edward G. Robinson da Eddie Constantine, kuma Oumarou Ganda ne Robinson ɗin. Gidajen silima na ƙasashen da Faransa ta raina suna hannun kamfanoni biyu ne, COMACICO da SECMA, su ke zaɓen abin da za a gani daga Dakar har Yamai, kuma abin da suka fi kawowa shi ne kaboyi, da ƴan daba, da fina-finan Indiya da na Masar. A 1966 ɗin nan ne Django na Sergio Corbucci ya fito a Italiya, sunan da ya zama laƙabin samari a unguwanni da dama na Afirka ta Yamma. Black Cooper ɗan Gary Cooper ne, Reine Christine kuma daga fim ɗin Greta Garbo na 1933 ta samo sarautarta. Wato akwatin Jimi bai kawo wani baƙon abu ba. Abin ya riga shi isowa ta allo, shi tufafin kawai ya cika.

Inda fim ɗin ya fi kaifi shi ne wurin da ya nuna abin da ya dace da ƙasar da abin da bai dace ba. Doki ba baƙo ba ne a Sahel. Wanda ya ga hawan salla a Damagaram ko a Tibiri ba ya bukatar Amurka ta koya masa zama bisa sirdi. Fili mai faɗi, da ƙura, da garken shanu, da rana mai ƙuna, duk akwai su, har ma mai kallo kan manta cewa kwaikwayo ake yi. Abin da ya ƙi zama shi ne mutumin kansa. Kaboyin silima ba shi da uwa, ba shi da suruki, ba a san gidan da aka haife shi ba. Yakan shigo gari daga inda ba a sani ba, ya harbe wanda zai harbe, ya juya dokinsa ya tafi, ba wanda zai je gaisuwar mutuwa. A garin Jimi kuwa, duk wanda aka kai wa naushi kawun wani ne, duk dabbar da aka sace an san mai ita, kuma bayan an gama harbe-harbe gida za a koma a ci tuwo a kwanon da uwa ta ajiye. Daga nan dariyar fim ɗin ke fitowa, daga nan kuma baƙin cikinsa. Samarin sun ari dokar mutumin da ba shi da kowa, suka zo aiki da ita a wurin da kowa ɗan uwan kowa ne. Wannan tunani ya fi ƙarfin cewa "al'adun Turawa ba su da kyau", kuma minti 34 sun ishe shi ya faɗe shi ba tare da dogon jawabi ba.

Fim ɗin yana da rauninsa, kuma son da ake masa bai kamata ya rufe shi ba. Sautin bai kai hoton ba. Ƴan wasan sababbin hannu ne, wani lokaci taurin jikinsu na taimakon ba'ar, wani lokaci kuma tauri ne kawai. Manyan gari, waɗanda ya kamata su zama ɗaya gefen ma'auni, ba a ba su zurfin da aka ba samarin ba, sai suka zama kamar bango da ake jefa ƙwallo. Ƙarshen ya zo da hanzari, kamar fim ɗin da ke cikin kyamara ne ya kusa ƙarewa, abin da ba zai zama abin mamaki ba ga aikin da aka yi da ɗan abin hannu. Ita ma Reine Christine an bar ta a matsayin ado, alhali ita ce mutum mafi ban sha'awa a ƙungiyar: budurwa a Nijar ta 1966, da wando da bindiga, bisa doki tsakanin maza. Fim ɗin bai tambayi abin da wannan shiga za ta jawo mata ba.

Rayuwa ce ta ba da amsar. Zalika Souley, wadda aka haifa a 1947, ta ci gaba da fitowa a manyan fina-finan ƙasar, ciki har da Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita. A nan ta fito a matsayin kishiyar da kishi ya kai ga kisa. Jama'a da yawa ba su raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu ba, aka yi ta zaginta a titi. Kuskuren da ƴan kallo suka yi a kanta shi ne dai kuskuren Jimi da abokansa, wato ɗaukar allo a matsayin gaskiya, sai dai nasu ya faɗa kan mace mai rai. Rahmatou Keïta ta ba da labarinta a Al'lèèssi, une actrice africaine, wanda aka nuna a bikin Cannes a 2005, inda aka ga tauraruwar farko ta ƙasar tana zaune a Yamai cikin ƙunci, kafin ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021. Ta wannan fim ne matasa da dama suka fara ganin guntayen kaboyin Alassane, kuma shi ne ya tayar wa wasu manya da tsohon tunani har suka shiga nema.

Neman kuwa yana da tasa hanya, kuma kusan kowa ita yake bi. Ana farawa da masu sayar da kaset da faifai a kasuwa, inda za a tarar da fina-finan Kano tun daga shekarun 1990, da na Indiya, da na ƴan Sin masu faɗa, a rasa ko ɗaya na ƴan ƙasa na wancan zamani. Gidajen silima da suka yi suna a Yamai, irin su Vox da Rex, sun daɗe da rufewa. Kaset ɗin telebijin abu ne mai tsada a lokacinsa, tashoshi da yawa na Afirka kan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa, wanda ya tsira kuma zafi da ƙura na jiransa. A intanet akan ci karo da guntaye masu dishi-dishi. Daga ƙarshe mai nema zai gane abin da ƴan fim suka daɗe da sani: ana ɗaukar hoton a Nijar, amma wankewa da haɗawa a Faransa ake yi, can kuma uwar fim ɗin ke zama. Ma'ajiyar da ake kira Cinémathèque Afrique, wadda ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa ta kafa a Paris a 1961, tana cikin wuraren da suka adana ayyukan mutanen wannan zamani. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke birnin New York ya shirya nuni na musamman don fina-finan Alassane. Ɗalibin fim a can ya ga kaboyin Nijar a babban allo, malamin lakwal a Tawa bai samu kwafin da zai nuna wa ajinsa ba.

An ambaci Tawa da gangan, domin a can Alassane ya zauna shekarunsa na ƙarshe, bayan ya daɗe yana jagorancin sashen silima na jami'ar Yamai. Yana da masauki a garin, ya mai da wani ɓangarensa wurin aiki, yana haɗa ƴan tsana da zane mai motsi, har ya koyi yin su da kwamfuta da tsufansa. Fim ɗin da Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka yi a kansa a 2009 ya nuna shi a wannan hali. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. A 2024 aka sauya wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai suna, aka cire na Jean Rouch aka sa nasa. Karramawa ce da ta dace, amma suna a bakin ƙofa ba ya maye gurbin fim a allo, kuma yawancin yaran da ke wucewa ta gaban ginin ba su taɓa ganin minti ɗaya na aikin mai sunan ba.

Adalci ya sa a faɗa cewa ba don ma'ajiyun waje ba, da wasu daga cikin fina-finan nan sun ɓace gaba ɗaya. Laifin bai tsaya ga wanda ya ajiye ba, ya haɗa da wanda bai nema ba. Abin da ya faru da Shaihu Umar na Adamu Halilu ya isa misali a maƙwabta: fim ne na Hausa na 1976, an daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi cikin ajiyar hukumar fim ta Najeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin Berlin a 2018. Yana nan a gida duk tsawon shekarun, ba wanda ya buɗe gwangwanin.

Ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, Le Retour d'un aventurier yana da wata fa'ida da ba kowane tsohon fim ke da ita ba: ya shiga cikin awa ɗaya ta aji, har a samu ragowar lokacin tattaunawa. Ɗaliban kwaleji na yau ba su san Gary Cooper ba, amma sun san laƙabin da ake ɗauka daga ɗan ƙwallo ko mawaƙi, sun san askin da aka kwafo daga waya, kuma sunayen da ƴan fada ke rubutawa a bangon unguwa jikokin Black Cooper ne. Bambancin shi ne su a tafin hannu suke kallo, kowa shi kaɗai, babu kakar da ke sharhi daga bayan tabarma. Nuna musu fim ɗin a tsakar lakwal da dare, da iyaye a wurin, zai maido masa da rabin da yaran jiya suka bari, wato muryar manya da ke cikin labarin da wadda ke gefen allo. Abin da aikin ke bukata sananne ne: kwafi mai kyau da izinin masu haƙƙinsa, na'urar haskawa, farin zane, da fassarar Hausa ga wuraren da aka yi magana da wani harshe. Masu ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya a Kano suna gama fim mai awa uku su kai shi kasuwa, wannan kuwa minti 34 ne.